Kafin Ku Sa Hannu: Haƙƙin Iyaye Idan Za A Tantance Yaro Mai Buƙata Ta Musamman



Sau da yawa a sashen yara mukan karɓi uba ko uwa riƙe da takarda daga makaranta. Takardar takan ce yaro ba ya gane karatu, ko ba ya zama wuri ɗaya, ko ba ya amsawa idan an kira shi, don haka a kai shi asibiti a duba shi a kawo rahoto. Wasu iyayen sukan zo rai a ɓace, suna ganin an ci mutuncin ɗansu. Wasu kuma sukan zo a tsorace, duk fom ɗin da aka miƙo musu sai su sa hannu ko su dangwala yatsa ba tare da sun tambayi abin da ke ciki ba.

Ku sani cewa abin da aka rubuta a wannan rahoto yakan bi yaro shekara da shekaru. Da shi za a yanke ajin da zai zauna, da makarantar da za ta karɓe shi, da irin kallon da malamai za su riƙa yi masa. Saboda haka bai kamata a tantance ɗanku ba sai kun fahimci abin da za a yi kuma kun amince. Wannan rubutu zai bayyana muku haƙƙinku tun daga ranar da aka ba ku takarda har zuwa ranar da sakamako ya fito.

Mece ce tantancewa?

Tantancewa ita ce jerin bincike da ake yi wa yaro don a gano abin da ke hana shi koyo kamar sa'o'insa, a kuma gano irin taimakon da zai amfane shi. Ba gwaji ɗaya ba ne, kuma ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Likitan yara zai tambayi tarihin ciki da haihuwa da rashin lafiyar da yaro ya taɓa yi, ya kuma duba jikinsa. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro za a auna jinsa. A sashen ido za a auna ganinsa. Masanin halayyar ɗan Adam zai gwada fahimtarsa da riƙe abu a ka, mai koyar da magana kuma ya duba yadda yake furta kalmomi da yadda yake gane abin da aka faɗa masa. Idan ana zaton farfaɗiya, akan yi wani gwaji da ake manna ƙananan wayoyi a fatar kai. Wayoyin nan ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa kawai suke yi, ba sa zuba wa yaro lantarki.

Dalilin bin duk waɗannan matakai shi ne abubuwa da yawa suna iya sa yaro ya kasa karatu. Akwai wanda ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa, yana jin malam kamar daga nesa. Akwai wanda ba ya ganin allo, tabarau kawai yake buƙata. Sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani a makon haihuwa suna iya lalata ji. Doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, suna iya barin illa ga koyo. Yaro mai sikila yakan samu ƙaramar toshewar jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga wani sashe na jikinsa ya shanye ba, sai dai a ga karatunsa ya ja baya. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro yakan ƙame yana kallon wuri ɗaya na ƴan daƙiƙoƙi sau da yawa a rana, malam ya ɗauka wasa yake yi. Haka nan gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Jihar Zamfara a 2010, tana rage kaifin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. Kowanne daga cikin waɗannan da irin maganinsa ko taimakonsa, kuma duk a gida da makaranta akan haɗa su a suna ɗaya, a ce yaro daƙiƙi ne.

Me doka ta ce?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da wanda yake dubawa halin da lafiyarsa ke ciki, da irin gwaje-gwaje da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowanne da haɗarinsa da kuɗinsa. Dole kuma ya sanar da shi cewa yana da damar ƙin amincewa, ya bayyana masa abin da ƙin zai iya haifarwa. Sashen ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi wannan bayani da harshen da mutum yake ji, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. Tun da ƙaramin yaro ba zai iya auna waɗannan abubuwa ba, ku iyaye ne za a yi wa bayanin, ku ne kuma za ku amince ko ku ƙi.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce a duk abin da za a yi da ya shafi yaro, maslaharsa ce za a sa a gaba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro damar karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Sai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama a buɗe gare shi. Ma'anar wannan ita ce ana neman rahoton tantancewa ne don a san taimakon da za a ba yaro. Idan makaranta ta mai da shi hujjar korar yaro ya zauna a gida, ta saɓa wa manufar waɗannan dokoki.

Yaushe amincewa take cika?

Sa hannu kaɗai bai wadatar ba. Amincewa tana cika ne idan abubuwa huɗu sun tabbata.

Na farko, an gaya muku wanda ya nemi a yi tantancewar da dalilinsa. Idan makaranta ce, ku nemi malamin ajin ya faɗi takamaimai abin da ya gani, kamar a ce yaro yana juya harufa, ko ba ya waiwayowa idan an yi magana daga bayansa.

Na biyu, an lissafa muku gwaje-gwajen da za a yi, da tsawon lokacinsu, da kuɗinsu. Wasu gwaje-gwajen, kamar auna jin ƙaramin yaro da na'ura ko ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna buƙatar yaro ya kwanta shiru, har akan ba shi maganin barci. Wannan yana buƙatar bayani na daban da amincewa ta daban.

Na uku, an yi bayanin da harshen da kuka fi ji. Idan fom ɗin da Turanci yake, ku ce a karanta muku a fassara shi layi bayan layi. Idan uba ko uwa kurma ne, a nemo mai iya maganar hannu. Kada ku sa hannu a fom ɗin da aka bar guraben cikewa a buɗe.

Na huɗu, ba a tilasta muku ba. Kuna iya cewa za ku je gida ku yi shawara ku dawo. Kuna iya amincewa da wani gwaji ku ƙi wani. Kuna kuma iya janye amincewarku bayan an fara, sai dai abin da aka riga aka yi ya wuce.

Akwai wani abu mai muhimmanci da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Yarda a gwada yaro daban, yarda a ɗauki mataki a kansa daban. Don kun amince a auna jinsa, ba ku amince ke nan a ɗauke shi daga makarantarsa a kai shi ta kurame ba. Don kun amince likita ya duba rashin natsuwarsa, ba ku amince ke nan a ɗora shi a kan magani ba. Kowane mataki sai an dawo an sake zama da ku.

Yadda wata ƙasa ta tsara wannan haƙƙi

Ƙasar Amurka ta rubuta wannan haƙƙi filla-filla, kuma sai da aka sha wahala kafin a kai ga haka. A 1970 an kai ƙara a jihar Kalifoniya a madadin yara tara ƴan asalin Mekziko, waɗanda Sifaniyanci ake yi a gidajensu. An yi musu gwajin kaifin ƙwaƙwalwa da Turanci, suka faɗi, aka tura su ajin masu raunin fahimta. Da aka sake gwada su da harshensu, mafi yawansu sun haye ma'aunin da aka yi amfani da shi aka ware su. A lokacin kuma yara naƙasassu sama da miliyan ɗaya ba sa zuwa makarantun gwamnati kwata-kwata a ƙasar.

A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilimin yara naƙasassu, aka canza mata suna a 1990, aka kuma yi mata babban gyara a 2004. Dokar ta ce makaranta ba za ta fara tantance yaro ba sai da rubutacciyar amincewar iyaye bayan an yi musu bayani da harshensu. Bayan sun amince, a kammala cikin kwana 60, sai fa idan jiha ta sa nata wa'adin. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya tak. Ba a kiran yaro mai naƙasa idan ainihin matsalarsa rashin jin Turanci ce ko rashin samun koyarwa mai kyau a karatu da lissafi. Ana ba iyaye kwafin rahoto kyauta, suna zama a cikin kwamitin da ke tsara karatun ɗansu, kuma ana sake tantance yaro aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Idan iyaye suka ƙi a yi gwajin farko, makaranta tana iya neman sulhu ko ta kai maganar gaban mai sauraren ƙorafi. Amma idan suka ƙi a fara ba yaro karatun musamman, makaranta ba ta da ikon tilasta musu.

Wannan doka ba ta aiki a Nijeriya, kuma dokokinmu ba su tsara matakan dalla-dalla haka ba. Mun kawo ta ne don tana nuna irin tambayoyin da ya kamata kowane uba ya yi, musamman batun harshe, wanda ya shafe mu kai tsaye.

Da wane harshe za a gwada ɗanku?

Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a gida, idan aka yi masa tambayoyi da Turanci ya yi shiru, abin da aka auna shi ne Turancinsa. Yawancin gwaje-gwajen kaifin ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka aka tsara su, da hotuna da misalai na rayuwar can. Ku tambayi mai gwajin da wane harshe zai yi, kuma ko zai haɗa da irin gwajin da ake yi da zane-zane da siffofi wanda ba ya dogara da magana.

A irin wannan gwaji matsakaicin maki shi ne 100, kuma daga wajen 70 zuwa ƙasa ne ake zaton raunin fahimta. Amma maki kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Dole a duba yadda yaro ke gudanar da rayuwarsa ta kullum: yana sa tufafi da kansa, yana wanka, ana aikensa kanti ya dawo da canji daidai, yana wasa da yara ya bi ƙa'idar wasan? Wannan bayani a wurinku yake, ba a wurin likita ba. Haka kuma idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko bai karya ba, ko yana kuka don tsoro, ku faɗa a ɗaga gwajin. Sannan a tabbata an auna ji da gani kafin a auna fahimta.

Wa zai ba da izini?

Mahaifi ko mahaifiya, ko wanda riƙon yaro yake hannunsa, kamar kaka ko goggo ko baffa. Hedimasta ko malamin aji ba zai sa hannu a madadinku ba don kawai yaron ɗalibinsa ne. Idan yaro yana karatun allo a wani gari, a nemi iyayensa a sanar da su.

Muna roƙon magidanta su riƙa zuwa tare da iyayen yaran mata. Uwa ce ta san yadda cikin ya kasance, da yadda naƙuda ta zo, da ko idon jariri ya yi ɗorawa, da watan da ya zauna, da lokacin da ya fara kiran "baba". Idan kaka ce ta raine shi, a zo da ita. Idan ra'ayin uwa da uba ya bambanta, ku faɗa wa likita, zai zauna da ku duka ya sake bayani.

Shi ma yaron yana da nasa rabo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ku gaya masa inda za ku je da abin da za a yi. Kada a ce masa za a kai shi asibiti don ba ya jin magana, kuma kada a riƙa lissafa gazawarsa a gabansa kamar ba ya wurin.

Rahoto da sirrinsa

Idan sakamako ya fito, ku nemi a zauna da ku a yi muku bayaninsa da Hausa, ku kuma nemi kwafi ku ajiye. Rahoto mai amfani ba ya tsayawa a kan sunan lalura. Yakan faɗi abin da yaro ya iya, da abin da ke ba shi wahala, da abin da za a yi: a zaunar da shi gaban aji, ko a sa masa na'urar ƙara ji, ko a ƙara masa lokaci a jarrabawa, ko a koya masa rubutun makafi ko maganar hannu. Idan kun ga kuskure a suna ko shekaru ko tarihin rashin lafiya, ku nemi a gyara.

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Ba a bayyana shi sai da rubutaccen izini, ko umarnin kotu ko doka, ko idan ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Idan yaro ne, sai da buƙatar iyaye ko mai riƙo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta buƙaci amincewar iyaye a kan bayanan yaro. Don haka ko da makaranta ce ta turo ku, rahoton ta hannunku zai bi. Kuna iya neman likita ya rubuta wa makaranta gajeriyar takarda mai ɗauke da abin da malami yake buƙata kawai, a bar sirrin iyali a fayil ɗin asibiti.

Idan ba ku gamsu ba

Kuna da damar neman ra'ayin wani ƙwararre, a nan ko a wani wuri, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna idan batun ji ne. Likita nagari ba ya jin haushin haka. Ku tuna kuma yaro yana girma yana canzawa, sakamakon da aka samu yana ɗan shekara huɗu bai kamata a ci gaba da aiki da shi har ya kai goma ba. Ku tambayi lokacin da za a sake dubawa.

Wajen zaɓen makaranta, ku je ku gani da idonku. Wani yaro zai fi amfana a makarantar musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri, wani kuma zai fi ci gaba a cikin sa'o'insa idan an ba shi ɗan taimako. Idan kuma an wulaƙanta ku ko an yi wani abu ba da saninku ba, sashe na 30 na Dokar Lafiya ya ba ku damar kai ƙorafi a bincika. Ku nemi ofishin karɓar koke-koke ko jami'an walwala na asibiti.

Ɗalibai da masu bincike

Wannan asibitin koyarwa ne, za ku ga ɗalibai tare da likita. Idan zamansu ya takura ku ko yaron, ku faɗa. Ɗaukar hoto ko bidiyon yaro don koyarwa sai an nemi izininku a keɓe. Haka nan idan ana so a sa shi cikin binciken ilimi, fom ɗinsa daban ne, kuma ƙin shiga ba zai rage komai daga kulawar da za a ba shi ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda aka daɗe ana shari'a a kan ko an yi wa iyaye cikakken bayani. Ku tambaya kai tsaye: wannan magani ne, ko bincike ne?

Haƙƙi yana tafe da nauyi

Damar ƙin amincewa an ba ku ita ne don kare yaro. Idan rayuwarsa tana cikin haɗari, kotu tana iya shiga tsakani. A 2019 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da umarnin da aka bayar na ƙara wa wani jariri jini duk da mahaifiyarsa ta ƙi. Tantancewar karatu ba ta kai wannan gaggawa ba, amma jinkirinta yana da tsada. Ƙwararrun ji suna ba da shawarar a auna jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon harshe. Yaron da aka ɓoye a ɗaki don gudun surutun mutane, ko aka yi ta jira ana cewa "haka babansa ya yi, zai yi magana", yakan rasa lokacin da ba ya dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, ku haɗa duka biyun.

Ranar zuwa asibiti

Ku zo da takardar makaranta, da katin awon ciki da na rigakafi, da duk magungunan da yaro ke sha har da na gargajiya, da littattafan rubutunsa na aji. Ku tabbata ya yi barci ya kuma ci abinci, sai dai idan an ce a zo da shi bai ci ba. Kafin ku sa hannu, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Me ake nema a gano?
2. Waɗanne gwaje-gwaje za a yi, kuma da wane harshe?
3. Akwai haɗari ko maganin barci?
4. Nawa ne kuɗin, kuma yaushe sakamako zai fito?
5. Wa zai ga rahoton?
6. Me zai faru idan muka jinkirta ko muka ƙi?

Matambayi ba ya ɓata. Idan an amsa muku kun gamsu, ku sa hannu da kwanciyar hankali, ku kuma dawo ranar da aka ba ku. Allah ya ba yaranmu lafiya da ilimi mai amfani, ya shirya mana zuri'a, amin.